Sarakunan da Ba Su da Ƙasa Sai Teku

Tun da aka nuna shirin Vikings mai dogon zango, daga 2013 zuwa 2020, gardama ta ƙi ƙarewa a kan Ragnar Lodbrok: an yi shi ko tatsuniya ne? Masu shirin sun sa shi ya afka wa gidan ibadar Kiristoci na Lindisfarne a Ingila, harin da aka kai a 793, sannan ya yi wa Faris ƙawanya, wadda aka yi a 845. Tazarar shekara 52 ke nan, kuma ba a ga ya tsufa haka ba.

Ragnar ɗaya ne daga cikin waɗanda mutanen Norwe, Denmak da Suwidin ke kira sarakunan teku, wato 'ya'yan sarauta masu jirage da mayaƙa amma ba su da ko taƙin ƙasa. Farkon labarinsu a duhu yake. An ce wani Haki ya kashe Sarki Hugleik ya mulki Uppsala shekara uku, da aka yi masa mummunan rauni sai ya sa aka ɗora shi a jirgi, aka cinna wuta, iska ta ja shi cikin teku. Mai ba da wannan labari, Snorri Sturluson, Kirista ne ɗan Aisland da ya yi rubutu wajen 1230, ɗaruruwan shekaru bayan an ce abin ya faru. Kayan aikinsa kuwa waƙoƙin fada ne, kuma kowa ya san maroƙi ba ya rage wa ubangidansa tsawo.

A 845 ne ƙafa ke taka ƙasa. Marubutan Faransawa sun ambaci wani jagora, Reginheri, da ya hau kogin Seine da jirage, har sarkinsu Charles ya biya fam 7,000 na azurfa don a bar masa birninsa Faris. Masana da dama na ganin daga nan aka ɗauko Ragnar, aka yi ta liƙa masa aikin wasu.

Me ya kora su teku? Wasu sun ce Harald Fairhair ne da ya haɗe Norwe ya fatattaki ƙananan sarakuna. Wannan bai zauna ba, domin hare-hare sun girmi mulkinsa da shekaru masu yawa. Wasu sun ce yunwa da ƙarancin gona. To, mayunwaci ba ya ƙera jirgi irin na Oseberg, wanda aka sassaƙa wajen 820 aka ƙawata shi da zane.

Ni dai a ganina azurfa ce. Ɗan sarkin da bai samu gado ba, kyauta kaɗai ke riƙe masa mayaƙa, ranar da hannunsa ya bushe kuwa su watse. Dole ya fita neman ganima kowace shekara. Wannan ƙishirwa ta kai 'yan uwansu na gabas har kasuwannin Musulmi ta kogin Volga. A 1999 an tono azurfa mai nauyin kilo 67 a Spillings da ke tsibirin Gotland, ciki da tsabar kuɗi fiye da 14,000, akasarinsu dirhamin daulolin Musulunci.