Compton Tucker, Mutumin da Ya Ƙirga Bishiyoyin Sahel Daga Sararin Samaniya

Duk wanda ya taso a Arewa ya sha jin cewa hamada tana tafiyowa kudu, kowace shekara tana cin kilomita kaza. Mun ji a rediyo, mun ji a bakin jami'an gandun daji ranar bikin dashen itatuwa, har mu da muke zaune a Kudu idan hirar gida ta taso mukan maimaita. Yau za mu kawo tarihin wani masani Ba'amurke, Compton Tucker, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana auna ciyawa da bishiyoyi ta tauraron ɗan'adam, kuma aikinsa ya sa dole aka sake duba wannan magana.

Maganar ta girmi Tucker. A shekarar 1934 wani Baturen Ingila, farfesan ilimin gandun daji mai suna E. P. Stebbing, ya ratsa Arewacin Najeriya da ƙasar Nijar, ya koma gida ya rubuta cewa Sahara na shirin cinye yankin. Hankalin Turawan mulki ya tashi, Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi kan iyaka a 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya ce bai ga alamar hamada na tahowa gadan-gadan ba, sai dai ɓarnar da sara da noma suke yi wuri-wuri. Rahoton ya kwanta a ofis, maganar Stebbing kuwa ta ci gaba da yawo. Bayan babban farin da ya kai ƙololuwa a 1973, wani masani mai suna Hugh Lamprey ya zaga arewacin Sudan da ƙaramin jirgin sama a 1975, ya kwatanta abin da ya gani da wata taswirar 1958, ya ce hamada na matsowa kimanin kilomita 5.5 a shekara. Wannan adadi shi ya shiga littattafan makaranta da jawaban shugabanni. Matsalarsa ita ce an kwatanta lokacin damina mai albarka ne da lokacin da ake fitowa daga fari.

Shi Tucker a Jami'ar Jihar Kolorado ya yi karatu. Ya gama digirin farko kan ilimin halittu a 1969, ya ɗan taɓa aikin banki ya ga ba hanyarsa ba ce, sai ya koma jami'a, inda ya samu digirin digirgir a tsangayar gandun daji a 1975. Abin mamaki, da ciyawa ya fara. A filayen kiwo na Kolorado yakan ɗora na'urar auna haske a kan ɗan fili, sannan a yanke ciyawar wurin, a busar, a ɗora a sikeli, a ga ko abin da na'ura ta faɗa ya yi daidai da nauyin. Aiki ne na tsugune a rana, kuma a kansa aka gina duk abin da ya biyo baya.

Ga sirrin abin a taƙaice. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske domin da shi yake haɗa abincinsa, amma akwai wani haske da ke gaba da ja kaɗan, wanda idon mutum ba ya gani, shi kuma ganye yana mayar da shi sama da ƙarfi. Yashi da busasshiyar ƙasa ba sa nuna irin wannan bambanci. Saboda haka idan aka cire adadin jan hasken daga adadin wancan ɓoyayyen, aka raba da jimillarsu, sai a samu lamba ɗaya: kusa da sifili a kan fako, tana hawa gwargwadon yawan ɗanyen ganye. Wannan ma'auni shi ake kira NDVI. Ba Tucker ne ya fara ƙirƙiro lissafin ba, wasu masana a Texas sun yi amfani da shi a 1973, shekara ɗaya bayan harba tauraron Landsat na farko. Amma takardar da ya wallafa a 1979, bayan ya koma cibiyar Goddard ta hukumar NASA, ita ta gwada shi da sauran hanyoyi ta nuna abin da yake aunawa, kuma har yau da wuya a yi rubutu kan wannan fanni ba a ambace ta ba.

A wancan lokacin Landsat yana da gani, amma sai bayan kwana 18 yake dawowa kan wuri ɗaya, ga tsadar hotuna, ga gajimare. Sai Tucker ya juya ga taurarin hasashen yanayi na hukumar NOAA. Ba don ciyayi aka ƙera su ba, ganinsu kuma dishi-dishi ne, ɗigo ɗaya a hoton ya fi kilomita guda. Amma kullum suna wucewa ta kan kowane wuri. Ya gwada su a yankin makiyayan Ferlo na arewacin Senegal daga farkon shekarun 1980, inda ma'aikata a ƙasa suke yankar ciyawa suna aunawa, shi kuma yana kwatantawa da abin da tauraro ya gani. A 1985 shi da abokan aikinsa suka fitar da taswirar ciyayin Afirka baki ɗaya. A shekarar nan ce Amurka ta kafa shirin gargaɗin yunwa na FEWS, wanda ya riƙa amfani da irin waɗannan hotuna don gane inda damina ta gaza tun kafin rumbuna su ƙare.

A 1991 ya komo kan maganar hamada. Shi da Harold Dregne da Wilbur Newcomb suka bi gefen Sahara na kudu shekara-shekara daga 1980 zuwa 1990, suna ɗaukar layin da ruwan sama yake kai milimita 200 a matsayin iyaka. Daga 1980 zuwa 1984, shekarar farin da iyayenmu ba su manta ba, iyakar ta gangaro kudu da kusan kilomita 240. Da ruwa ya samu a 1985, ta koma arewa da kusan kilomita 110 a shekara ɗaya tak. Daga nan ta yi ta kai da komowa. Wato gefen hamada yana bin ruwan sama ne, kamar yadda bakin tafki yake ja da baya da rani ya dawo da damina. Suka kuma ce sai an tara bayanan gomman shekaru kafin a iya cewa ga inda aka dosa.

Kada a fahimce mu baibai. Wanda ya ga tudun yashi a Yusufari, ko ya ga motocin gawayi da itace suna shiga birane, ya san lalacewar ƙasa gaskiya ce. Abin da awon ya rushe shi ne tunanin cewa wani bango ne na yashi yake tafiyowa wanda ba a iya yin komai a kansa. A ganinmu bambancin yana da muhimmanci, domin wanda ya ɗauka hamada ce ke zuwa zai naɗe hannu, wanda kuwa ya san gonarsa ce ta gaji zai nemi abin yi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna haka da sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi. Wani masanin daban, Gray Tappan, shi ya kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraro, aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun bishiyoyi a kudancin Nijar.

Tucker bai tsaya a Afirka kaɗai ba. A 1993 shi da David Skole suka auna saran dajin Amazon na Barazil da hotunan Landsat, suka samu wurin da aka sare ya tashi daga murabba'in kilomita 78,000 a 1978 zuwa 230,000 a 1988. Ma'aunin nasa ya kuma yi amfani wajen hango inda fara za ta ƙyanƙyashe da inda cutar dabbobi ta zazzaɓin Rift za ta ɓulla a gabashin Afirka.

Akwai abin da duk waɗannan taurari suka kasa gani, kuma shi ya fi shafar mu. A ma'anar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba a kiran wuri daji sai ya kai rabin hekta, bishiyoyinsa sun kai tsawon mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari na filin. Kurmin da muke gani a hanyar Ore ko Benin ya shiga wannan lissafi. Amma gawo a tsakiyar gonar gero, kuka a bayan gari, ɗorawa da tsamiya da kaɗanya da aduwa da suke tsaye ɗai-ɗai, duk ba su shiga ba. A taswirori da yawa ƙasarmu fili ce kawai, alhali daga waɗannan bishiyoyi ake samun miyar kuka, daddawa, man kaɗe da abincin dabbobi da rani.

Gyaran wannan ya zo ne da tsufan Tucker. Ya samu damar amfani da hotunan taurarin kasuwanci masu ganin abin da bai wuce rabin mita ba, ya haɗa kai da Martin Brandt na Jami'ar Kofenhagen a Denmak. Brandt ya zauna ya zagaye bishiyoyi kusan 90,000 da hannunsa a kan hotuna, ɗaya bayan ɗaya, har kwamfuta ta koyi gane bishiya da inuwarta. A 2020 suka sanar da cewa sun ƙirga bishiyoyi fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a fili mai murabba'in kilomita miliyan 1.3. A 2023 suka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya da hotuna sama da 300,000, suka samu bishiyoyi biliyan 9.9. Da taimakon Pierre Hiernaux, Bafaranshen da ya daɗe yana auna itatuwa a Mali da Nijar, suka lissafa nauyin itace da ganye da saiwar kowace ɗaya daga faɗin kanta, suka ce gaba ɗaya suna riƙe da sinadarin kabon kimanin tan miliyan 840. Wannan lissafi ne da zai yi amfani yanzu da ake maganar biyan kuɗi don kabon da bishiyoyi suke riƙewa, da kuma auna abin da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shuka a zahiri.

Hotunan rani suka zaɓa, lokacin da ciyawa ta bushe, don kada a rikita ta da bishiya. Wannan ya yi wa gawo daidai, tunda shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Kwamfutar dai ba ta bambance gawo da darbejiya, kuma ba ta ƙirga duk abin da faɗin kansa bai kai murabba'in mita 3 ba. Ke nan ƙananan tohon da manomi ya bari a gonarsa bara da bana ba sa cikin biliyan 9.9 ɗin nan.