Ƙaramin Injin Da Ya Kai Ɗab'i Gidan Talaka

Yau muna shiga shagon kwamfuta a buga mana takarda cikin minti biyu, har mun manta an yi zamanin da ɗab'i ke hannun masu jari kaɗai. Injin ƙato ne, ga tsada, ga buƙatar ma'aikata.

A wajajen 1872 wani Ba'amurke, William Kelsey, ya fara sayar da ɗan ƙaramin inji mai suna Excelsior a garin Meriden na jihar Connecticut. Bisa tebur ake ɗora shi, da hannu ake danna shi. Masu shaguna suka saya don buga rasit da katin sana'a. Samari kuwa suka shiga fitar da 'yan jaridunsu, har a 1876 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Filadelfiya. A Ingila ma Donald Aspinall ya kafa kamfanin Adana a 1922. Injinsu da ya fi shahara ya fito a 1953, faɗin bugunsa inci 8 da 5 kacal.

To, yaya ake aikin? Haruffan na dalma ne, kowanne a gurbinsa cikin akwati. Mai bugu zai tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a juye, ya ɗaure cikin firam na ƙarfe. Ya shafa tawada a faifan da ke saman injin. In ya danna mariƙi, rola ta kwaso tawadar ta shafa wa haruffa, takarda ta haɗu da su. Kowace dannawa, takarda guda. In an gama, sai a mayar da kowane harafi gurbinsa.

Kada mu raina ƙanƙantarsa. Da ƙaramin injin hannu Leonard Woolf da matarsa Virginia suka fara madaba'ar Hogarth a gidansu a 1917, ta zama sananniya.

Abin lura gare mu: wanda ya kwashe yini yana jera shafi guda, dole ya duba sau biyu kafin ya danna, don kuskure ɗaya zai fito sau ɗari. Mu da ke tura saƙo ga mutum dubu da yatsa guda, sau nawa muke dubawa? Allah ya sa mu dace.