Nahawu da Mulki: Lorenzo Valla da Takardar Kyautar Konstantin

Tun daga ƙarni na 14 aka sami wasu malamai a ƙasar Italiya waɗanda suka duƙufa wajen tono littattafan Rumawa da Girkawa na dauri, a zamanin da ake kira na Farfaɗowar Ilmi. Fannoni biyar suka fi ba wa ƙarfi, wato nahawu, da balaga, da waƙa, da tarihi, da falsafar ɗabi'a. Mai hange daga nesa zai zaci irin wannan karatu ba ruwansa da sarauta, amma abin da ya auku a shekarar 1440 ya nuna ba haka abin yake ba.

Akwai wata takarda da fadar Paparoma ta daɗe tana kafa hujja da ita. Takardar ta ce wai a ƙarni na 4 Sarkin Rum Konstantin ya warke daga kuturta a hannun Paparoma Silbesta, saboda haka ya mallaka masa birnin Rum da Italiya da dukkan lardunan yamma. Ma'anar wannan ita ce Paparoma na da iko a kan sarakuna har a harkokin duniya.

Lorenzo Valla, masanin harshen Latin, magatakarda ne a fadar Sarki Alfonso na Aragon, wanda a lokacin yake jayayya da Paparoma a kan sarautar Napoli. Ke nan ba za a ce Valla ba shi da ɓangare ba. Sai dai hujjojin da ya kawo sun fi ƙarfin wannan zargi, domin kalmomin takardar ya bi ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna cewa ta kira manyan fadawan Rum da laƙabin "satarap", alhali kuwa laƙabi ne na gwamnonin Farisa. Haka kuma ta ambaci Kustantiniyya a matsayin babbar cibiyar addini tun ba a kafa birnin ba, don sai a shekarar 330 aka buɗe shi. Daɗin daɗawa, Latin ɗinta gurɓatacce ne, ba irin na fadar Konstantin ba. A yau yawancin masana na ganin cewa a ƙarni na 8 aka ƙaga ta.

Binciken bai girgiza fadar nan take ba, hasali ma daga baya Valla ya sami aiki a wurin Paparoma Nikolas na 5. Sai bayan da aka buga littafin a Jamus, Martin Luta ya karanta shi a shekarar 1520, sannan ya zama makami a hannun masu adawa da ikon Paparoma.

Babban abin lura a nan shi ne hanyar da Valla ya bi. Ya tabbatar da cewa harshe na sauyawa da zamani, don haka kowace takarda tana ɗauke da shaidar lokacin da aka rubuta ta, kome girman wanda aka jingina wa ita. Wannan ɗabi'a ta auna iƙirarin masu mulki da ma'aunin tarihi ita ce ta bunƙasa a hannun Makiyabeli, wanda ya yi sharhi a kan tarihin Rum na Libiyus don gano yadda dauloli ke kafuwa da yadda suke rushewa. Daga nan tunanin siyasa a Turai ya soma neman asalin mulki a cikin ayyukan 'yan Adam, masanin nahawu kuwa ya zama mutumin da fada ba ta iya rainawa.