Baƙar Ƙasar Amazon da Mutanen da Suka Samar da Ita

Duk manomin da ya taɓa shuka a kufai ya san cewa inda mutane suka daɗe suna zuba toka da shara, nan dawa ta fi zangarniya. Wannan sanannen al'amari shi ne mabuɗin wata mas'ala da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta game da kurmin Amazon.

A shekarar 1542, sa'ad da Francisco de Orellana ya gangara kogin Amazon da jama'arsa, wani limamin Kirista na cikin ayarin, Gaspar de Carvajal, ya rubuta cewa sun ga garuruwa jere a gaɓa, maƙil da mutane. Amma da matafiyan ƙarnonin baya suka tarar da daji da 'yan ƙauyuka tsiraru, sai aka jefa riwayarsa cikin tatsuniya. Malamai, cikinsu har da Betty Meggers a littafinta na 1971, suka kafa hujja cewa ƙasar kurmin mai tsami ce, ruwan sama ya wanke albarkarta, saboda haka muhali ne ta ciyar da al'umma mai yawa.

Alhali kuwa shaida tana ƙarƙashin tafin ƙafa. A kan tuddan gaɓa, wajajen Santarém da Manaus a Brazil, akwai filayen baƙar ƙasa da ake kira terra preta, wadda Wim Sombroek, masanin ƙasa ɗan Holan, ya yi wa sharhi a 1966. Zurfinta kan kai mita biyu a wasu wurare, kuma wanda ya damƙo ta zai ga tsingaron tukwane da gawayi da ƙayar kifi cakuɗe cikin hannunsa, galibinsu masu shekara 500 zuwa 2,500. Tsingaro dai ba ya tsirowa daga ƙasa, sai wani ya gina tukunya. Sirrin albarkar wannan ƙasa kuwa yana ga gawayin, domin ba ya saurin ruɓewa, ga shi yana riƙe abincin shuka kada ruwa ya tafi da shi.

A ganina an zalunci waɗannan mutane sau biyu: annoba da bauta suka ƙarar da yawancinsu bayan zuwan Turawa, sa'an nan aka musa cewa sun taɓa wanzuwa. Ga shi kuwa wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna ƙabilar Kuikuro ta kogin Shingu har yau tana zuba toka da gawayi da ɓawon rogo da gangan domin ta yi irin wannan ƙasa.