Dara

dara (suna, tamata). Wasan nishaɗi da mutum biyu ke bugawa a ramuka talatin da ake haƙawa a ƙasa, layi biyar na ramuka shida-shida, waɗanda ake kira gidaje, kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya goma sha biyu, wato tsinkayen kara ko tsakuwoyi. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. A ƙauyukan Gwarzo da Kabo an fi buga ta da rani, bayan an kammala girbi, a gindin bishiya, inda 'yan kallo, waɗanda galibi suka fi 'yan wasan baki, ke yi wa wanda aka cinye tsiya, wato zolayar raha marar ƙullaci. Daga wannan wasa aka sami "dara ta ci gida", da ake faɗa idan dabarar mutum ta juyo kansa. Matsayinta ya yi kama da na petank, wasan jifan ƙwallayen ƙarfe na kudancin Faransa, sai dai can giya ke raka wasan, nan kuwa goro da shayi. Ta bambanta da dara, jar hula.