Baƙi da Wasan Barkwanci a Ƙasar Kano

A ƙasar Hausa tsokana tana da ƙa'ida, ba kowa ake yi wa ita ba. Bafulatani ya ce da Babarbare bawansa, shi kuwa ya rama, a yi dariya a watse. Haka Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa. A ƙasar Dutse, wadda ta daɗe ƙarƙashin Kano kafin garin ya zama babban birnin Jigawa a 1991, wasan Fulani da Barebari sananne ne. Baƙon da ya sami abokin wasa ya sami masauki, gama wanda ya jure wa tsokana an san ya zama ɗan gida.

To, da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, ba su shiga wannan sarƙa ba. Wa zai tsokani mai bindiga da takardar haraji? Sai mutane suka koma ga laƙabi, a bayan ido. Razdan Cargill ya zama Mai Gunduma, saboda rarraba ƙasa da ya yi, Abadie na Zazzau kuwa Mai Jimina. Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, shi ne nasa ya fita dabam. An ce da shi Ɗan Hausa, ya kuwa karɓa da murna, har gidansa ya gaji sunan. Kada dai a yi saurin cewa ƙasarsu ce ta sa; jin harshen ne ya buɗe masa ƙofa.

Abin mamaki, masanan Turai su ma ba su daidaita a kan ma'anar wasan ba. A 1940 Radcliffe-Brown, Baturen Ingila, ya ce raini ne da aka halatta domin a kashe faɗa tun bai tashi ba. Griaule na Faransa, wanda ya yi aiki cikin Dogon, ya musa a 1948, ya ce sunan wasa ya ƙasƙanta al'amarin, domin zagin tsarkake zuciya yake yi. A ganinmu na farkon ya fi kusa da abin da ke faruwa a kasuwanninmu, ko da yake ya rage daɗin abin ƙwarai. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan nan na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada.