Damagaram, Ƙofar Arewa

A idon baƙon da ya taso daga Turai don ganin namun daji, Damagaram wurin kwana ɗaya ne: a sha mai, a ɗauki ruwa, a kama hanyar Gure da Taskar zuwa duwatsun Tarmit, inda aka keɓe daji a 2012 saboda barewar sahara mai murɗaɗɗen ƙaho da ta kusa ƙarewa a duniya. Mutumin Yekuwa ko Dungas da ke kudu ba haka yake kallon garin ba. Shi nan ne birni, nan ake kai ƙara, nan ake haɗo kayan ɗakin amarya.

Garin ya daɗe yana zaman ƙofa. Tun kafin mota, ayarin da ya fito daga Tarabulus ta Agadas a nan yake sauke kaya kafin ya wuce Kano, kuma ɗan yawon nan Barth ya yada zango a nan ƙarshen 1852. Sarki Tanimu, wanda ya fi shekara talatin a kan gado, shi ya kewaye tsohon gari, wato Birni, da ganuwa, ya sa maƙeran gari suka zuba masa igwa. Ƙarfinsa ya kai har ƙasar Daura, don haka tarihin Magarya da Yekuwa, inda Sarkin Gwari Abdu ya zauna bayan jihadi ya raba shi da sarautar Daura, ba ya faɗuwa sai an ambaci Damagaram. Faransawa sun shigo a 1899, suka mai da garin hedikwatar mulkinsu, sannan a 1926 suka kwashe zuwa Yamai. Har gobe Damagarawa ba su huce ba.

Damagaram gari biyu ne a haɗe. Birni na sarauta ne, lungunansa ƙanana, suna zagaye manyan duwatsu. Zango kuwa na fatake ne, Buzaye da Larabawa da attajirai irin su Malam Yaro, kuma a can ne mai kuɗi yake nuna arzikinsa a jikin bango: zanko a kan soro, dagi da zane kala-kala a fuskar zaure. Irin waɗannan gidaje da yawa yanzu siminti ya cinye su, abin takaici, don ginin ƙasa ya fi shi sanyi a watan bazara.

Amma fata ita ce sunan garin. Majema su jeme fatar akuya da bagaruwa, dukawa su rina ta ja da baƙi da tsanwa, su ɗinka jaka, titimi, kuben wuƙa, gidan laya da kayan doki. Ran Alhamis a Kasuwar Dole za ka ga wa ke saye: mahayin da ke shirin hawan salla, malamin da ke neman gafakar Alƙur'ani, uwar amarya tana tayi tana cewa "a dai rage, Alhaji", shi kuma yana "albarka". Gefe ga tulunan Mirya, ga kantun gishirin Bilma da dabino, ga alkakin da ba a komawa gida babu shi.

Rashin tsaro ya rage masu yawon buɗe ido ƙwarai, dukawa kuma ba su rufe rumfa ba, don cinikinsu da ma yana hannun mutanen kudu. Abin da ya fi damunsu robar Sin ce, wadda ake sayar da takalminta a kan kuɗin da bai kai na jimar fata ɗaya ba.